Yadda zaka shiga tseren motokuros ɗinka na farko ka dawo gida da ƙafarka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu son babur. Wani ƙanena da muke zaune gari ɗaya a nan Ingila zai shiga tserensa na farko wata mai zuwa, ya zo gida ranar Asabar muka zauna tun bayan la'asar har isha yana tambaya ina bashi amsa, bayan ya tafi nace bari in rubuta abinda na faɗa mashi tunda nasan ba shi kaɗai bane yake da wannan burin.

Ga wanda bai sani ba, motokuros tseren babur ne a filin ƙasa da aka killace, ba kwalta ko kaɗan, laka ce da yashi da tuddai da kwanoni, kuna zagayawa ku talatin ko arba'in a lokaci ɗaya. A nan Ingila aka fara shi, a Camberley a shekarar 1924, gasar duniya kuma ta fara a 1957. Amma kai ba can zaka ba tukuna, kai tseren kulob zaka shiga na ranar Lahadi, yawanci a gonar wani manomi da aka yi hayarta aka kakkafa turaku da igiya.

Maganar da nake so ta zauna maka a kai kafin komai itace, a tseren farko burinka ka ga tutar gamawa a kowane zangon tsere na ranar, ka loda babur ɗinka da hannunka ka tafi gida. Shikenan. Ko na ƙarshe kazo ba komai bane. Ni na taso ina hawan Jincheng tun ina ɗan sakandare, na yi wasan babur a bikin abokai, ina ɗaga gaba in yi tafiya mai nisa, wallahi na ɗauka na iya babur, ranar da na fara shiga filin motokuros sai na gane wani karatu ne daban. Boxer da ake acaɓa da ita ƙarfinta bai kai doki 10 ba, ƙaramin babur ɗin motokuros mai inji cc 250 yana kai doki 40, kuma ƙasan da kake takawa tana canzawa duk zagaye.

Mataki na farko: kada ranar tsere ta zama ranar koyo

Ka fara zuwa filin atisaye, waɗanda ake biyan kuɗin yini ka hau son ranka, ka yi ta zuwa har sai ka iya yin minti 15 kana zagaye ba tsayawa ba hutawa. Wannan shine awon, domin tseren sababbi yawanci minti 10 zuwa 15 ne a ƙara zagaye ɗaya ko biyu a kai. Kana jin minti 15 zaka ce ai ba komai, toh ka gwada ka gani, a minti na shida numfashi yake fara gagara. Ƙwararrun gasar duniya minti 30 da zagaye biyu suke yi, sau biyu a yini, shi yasa suke horo kamar sojoji. Idan zaka iya haɗawa da keke ko gudu sau biyu ko uku a sati zaka gode wa kanka.

Sannan dan Allah kaje ka kalli tsere ɗaya na kulob ɗin da zaka shiga, ba tare da babur ba. Ka tsaya bayan layin tashi ka ga yanda ake kiran mutane, yanda suke jeruwa, ina ake shiga ina ake fita, ka tsaya a kwanar farko ka ga abinda ke faruwa a wurin. Rabin tsoron ranar farko rashin sanin ina zan bi ne da me ake jira in yi.

Mataki na biyu: lasisi da aji

Ba a shiga haka kawai. A Ingila manyan ƙungiyoyin da kulob-kulob suke ƙarƙashinsu sune ACU da AMCA, a Amurka AMA ce, kuma a Afirka akwai gasa mai rai a Yuganda da Kenya da Afirka ta Kudu, kowace ƙasa da hukumarta. Kulob da yawa suna bada lasisin yini ɗaya ga wanda yake son gwadawa, ka tambaya kafin ka biya na shekara. Ka yi rajista da wuri domin gurbi arba'in ne kawai a layin tashi, idan ya cika ya cika.

Wajen aji kuma kada girman kai ya ja ka, ka shiga ajin da yafi kowanne ƙasa. A Amurka A ne na ƙwararru, B matsakaita, C na sababbi, wasu wuraren har da ajin 'yan farko zalla. Idan ka haura shekara 35 ko 40 akwai ajin dattawa, amma ka kula wasu dattawan nan shekara ashirin suka yi suna tsere, ba sababbi bane. Mata ma suna da nasu ajin a wurare da yawa, har gasar duniya ta mata akwai. Za a baka lamba, ka manna ta gaba da gefe biyu da kalar da dokar ajinku ta ce. Ka karanta takardar dokokin tseren daga farko har ƙarshe, a ciki zaka ga ƙarfe nawa ake buɗe rajista da ko ana buƙatar 'yar na'urar ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a shok ɗin gaba, idan baka da ita yawanci ana bada haya a wurin.

Mataki na uku: kayan kariya kafin kwalliyar babur

Anan ne nake faɗa da yara da yawa. Zaka ga mutum ya kashe kuɗi ya sa sabuwar salansa mai ƙara amma hular kwanonsa ta gwanjo ce da bai san ko an taɓa faɗuwa da ita ba. Hular kwano sabuwa zaka saya, mai rufe haɓa, mai shaidar inganci irin ECE 22.06 ko Snell, a tseren ACU kuma suna duba tambarinsu na zinare a jikinta. Ta kama kanka sosai, idan ka girgiza kai tana yawo toh tayi maka yawa. Hular da ta bugu da ƙasa da ƙarfi sau ɗaya ta gama aiki ko da bata nuna tsagewa ba, domin soson ciki ya riga ya matse.

Bayan hula sai takalmi, dogon but na motokuros mai tauri har ƙasan gwiwa. Kada ka sa sabo fil ranar tsere, yana da tauri baka jin birki baka jin giya, ka hau da shi sau uku ko huɗu tukuna. Sai abin kare gwiwa, sai sulken ƙirji da baya, safar hannu, riga mai dogon hannu da wandon wasan. Duwatsun da tayar bayan na gabanka take watso maka suna da zafi kamar harbin danƙo, ba sulke zaka koma gida ƙirji duk shati.

Tabarau kuma guda biyu aƙalla. Akwai masu 'yan ledoji siraran da ake yagewa ɗaya bayan ɗaya idan laka ta rufe, akwai masu zaren da kake ja sabuwar leda ta naɗo. Filaye da yawa a nan sun hana na yagewa saboda gonaki ne dabbobi na kiwo a wurin, ka tambaya tun kafin ranar. Ni a tserena na farko tabarau ɗaya nake da shi, ruwa aka yi da safe, a zagaye na biyu laka ta rufe shi ruf, na cire na rataye a hannu, ban yi nisa ba wani ya watso min laka cikin ido na hagu, na gama tseren da ido ɗaya ina hawaye, kwana uku idon yana ja. Kada ka taɓa cire tabarau kana bayan wani, gara ka rage gudu ka goge da safar hannu.

Mataki na huɗu: babur

Idan baka saya ba tukuna, ka nemi 250 mai bugu huɗu, irin su YZ250F ko CRF250R ko KX250 ko KTM 250 SX-F, ko kuma 125 mai bugu biyu wanda ake haɗa mashi fetur da baƙin mai. Ka bar 450, ƙarfinsa ya haura doki 50, sabo ba ya juya shi, shi yake juya sabo. Kuma babur ɗin da ka saba dashi shi zaka kai, kada ka canza komai babba a satin tsere.

Kwana biyu ko uku kafin ranar zaka yi gyara, ba daren jajibiri ba, saboda idan ka ga wani abu ya lalace ka samu lokacin saye. Ka wanke shi tas domin a wanki ake ganin noti da ya kwance da inda mai yake ɗiga. Ka juye baƙin mai idan lokacinsa ya yi, waɗannan baburan da awa ake lissafa musu ba da kilomita ba. Soson iska, wanda makanikai ke cewa iyakilina, ka wanke ka shanya ka shafa mashi mansa ya ratsa ko'ina, kuma ka tanadi na biyu a leda. Ka duba cen da sifaket, sassaucin cen ya zama yanda littafin babur ɗin ya faɗa, ka bi wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi sako-sako ƙararta daban ce. Ruwan lagireto ya cika, birki gaba da baya suna kamawa, totur idan ka murɗa ka saki ya koma da kansa nan take. Idan mai bugu biyu ne ka auna haɗin mai da kyau, misali haɗin 40 da 1 shine mililita 125 na baƙin mai a lita 5 na fetur, amma ka bi abinda kamfanin babur ɗinka ya rubuta.

Abu biyu da sababbi basa kulawa dasu kuma sune suke canza hawa gaba ɗaya. Na ɗaya iskar taya, ba a cika ta kamar ta titi, tsakanin 12 da 14 a ma'aunin psi ake sawa, ƙasa mai laushi ko laka ka sauko, wuri mai duwatsu ka ɗan hau don kada tif ya fashe, kuma da safiyar ranar zaka auna. Na biyu yanda shok ɗin baya yake nutsewa idan ka zauna da cikakken kayanka, ana so ya sauka kamar milimita 100 zuwa 105 a manyan babura. Ka sa wani ya auna maka da tef daga gindin taya zuwa wani maki a madigadi, babur a ɗage sannan kana kai. Idan wannan bai daidaita ba babur zai ƙi shan kwana ko ya dinga rawar kai, kai kuma ka ɗauka laifinka ne.

Mataki na biyar: daren jajibiri

Ka loda komai tun da dare. Babur, jarkar fetur, abin ɗora babur tunda na tsere bashi da jak, akwatin sifanu, famfo da ma'aunin iska, fulogi, hannun kuloci da na birki na ko-ta-kwana domin sune suke fara karyewa a faɗuwa, tif, man cen, tsumma, lasisi da kuɗi a hannu. Ruwan sha da yawa, ayaba, dabino, burodi ko taliya, kujera, laima, darduma da buta domin azahar da la'asar a can zasu same ka. Kuma ka samu mutum ɗaya ya raka ka, ko bai san komai a babur ba, zai riƙe maka tabarau ya kula da lokacin da ake kiran ajinku, idan wani abu ya faru shi zai tuƙo motar. Idan tseren ya faɗo cikin azumi shawarata ka ɗaga zuwa bayan salla, rashin ruwa a jiki da wannan wasan basa haɗuwa, hankali yana raguwa kafin ka ankara.

Barci kam da wuya ka samu mai kyau, kowa haka yake yi, ka kwanta da wuri dai.

Mataki na shida: safiyar ranar

Ka isa da wuri, awa ɗaya da rabi ko biyu kafin a fara atisaye. Ka fara zuwa wajen sa hannu, sannan ka tura babur wajen masu duba lafiyarsa, zasu kalli birki, totur, maɓallin kashe inji, ƙarshen hannun kuloci da birki ko suna da dunƙule a bakinsu, lamba, hular kwano, wani wurin har ƙarar salansa. A wajen da aka faka motoci ba a gudu, wasu kulob ɗin ma turawa ake yi, yara ƙanana suna yawo a wurin.

Daga nan ka taka filin da ƙafa. Kada ka tsallake wannan ko da wasu sun zauna shan shayi. Ka fara daga layin tashi ka tafi har kwanar farko ka ga dama take ko hagu, faɗinta, ina laka ta kwanta. Kowane tudu ka hau ka leƙa bayansa ka ga me ke can, mai shimfiɗaɗɗen sama ne kamar tebur wanda ko ka gaza tsallakewa zaka sauka a kansa lafiya, ko kuwa tagwaye ne masu rami a tsakani. Tagwayen nan ka yanke hukunci tun kana ƙasa cewa yau birgima zaka yi a kansu, wato ka bi ta kai taya a ƙasa, ba tsalle ba, kuma kada zafin tsere ya sa ka canza magana.

Za a tara ku a yi bayani, ka saurara sosai musamman maganar tuta domin akwai ɗan bambanci daga wuri zuwa wuri. Rawaya haɗari ne a gaba, idan ana kaɗa ta ka rage gudu sosai, ba wucewa ba tsalle. Fara mai jan kuros masu agaji suna cikin fili, taya biyu a ƙasa. Ja an tsayar da tsere. Shuɗiya na gaba sun zagayo zasu wuce ka. Baƙa da lambarka kai ake kira ka fito. Mai dara-daran baƙi da fari an gama. Ta zagayen ƙarshe a Amurka fara ce, a nan kuma sau da yawa rawaya ce mai baƙin gicciye ko allo, ka tambaya.

Atisaye minti goma ne ko ƙasa da haka. Zagayen farko a hankali kana kallo, na biyu ka ɗan ƙara, kada ka ƙone ƙarfinka a nan, ba a bada kofi a atisaye. A wasu wuraren lokacin da ka yi a atisaye shi yake baka damar zaɓen gurbi, wasu kuma ƙuri'a ake ja.

Mataki na bakwai: layin tashi

Nan ne zuciya take bugawa har kana jinta a cikin hula. Ƙarfe ne a jere gaban kowane babur, idan lokaci ya yi yana faɗowa baya ta wajenku, saboda haka wanda ya yi gaggawa ya taɓa shi tayarsa zata maƙale kowa ya tafi ya bar shi. Ka bar ɗan tazara tsakanin tayar gaba da ƙarfen.

Wane gurbi zaka zaɓa? Masu neman zuwa kwanar farko a gaba suna rububin ɓangaren ciki da tsakiya. Kai ka tafi can waje, gefen da ya fi nisa da cikin kwanar, inda idan an yi karo a ciki kana da filin kaucewa. Ka duba gurbin da ramin tayarsa yake miƙe, ka tattake ƙasan da but ɗinka. Ka tabbata inji ya yi zafi, idan babur ɗinka mai famfon mai ne ka tabbata a buɗe yake, ka sa tabarau sai an kusa tashi don kada ya yi hazo.

Za a ɗaga allo, a tsarin gasar duniya na daƙiƙa 15 sannan na 5, ƙarfen ya faɗi tsakanin daƙiƙa 5 zuwa 10 bayan haka, a Amurka allon 30 ne sai a juya shi gefe. Da an nuna allon farko ka sa giya ta biyu. Ka matso gaba kan kujera kusa da tanki, ƙirji a sunkuye kan hannun babur, gwiwar hannu a ɗage, ƙafa biyu a ƙasa gaban matakan ɗora ƙafa, yatsa ɗaya kan birkin gaba. Ka murɗa totur kamar rabi ka riƙe shi a nan, ba sama da ƙasa ba, ka saki kuloci har inda kaji babur ya fara ja. Idonka a kan ƙarfen, ba kan na kusa da kai ba. Yana motsi ka saki birki ka saki kuloci a hankali cikin santsi, kada ka watsar dashi gaba ɗaya, idan ka watsar ko gaba ya tashi sama ko inji ya mutu. Idan gaba ya fara ɗagawa ka ɗan ja kuloci kaɗan ba tare da ka saki totur ba.

Idan kuma kaji tsoron ya yi yawa, babu kunya ko kaɗan ka ƙirga ɗaya biyu bayan ƙarfen ya faɗi sannan ka tashi. Zaka iso kwanar farko ka tarar da mutum uku ko huɗu a ƙasa ka zagaye su ka wuce, kaga ka samu matsayi ba tare da ka yi kasada ba. Na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Mataki na takwas: cikin tsere

Ka yi numfashi. Da gaske nake, sababbi suna riƙe numfashi duk zagayen farko basu sani ba. Ka zaɓi wuri biyu a filin, miƙaƙƙen layi ko saman tudu, duk zuwa ka sauke dogon numfashi a wurin.

Babban abokin gabanka shine ƙagewar hannu. Damtsen ƙasan gwiwar hannu yana kumbura ya yi tauri kamar icce har ka kasa jan kuloci da birki, ni a zagaye na huɗu ya kama ni, ina ganin kwana tana zuwa ina umartar yatsuna su ja birki sun ƙi, Allah ya taimake ni da birkin baya. Dalilinsa damƙe hannun babur da ƙarfi saboda tsoro. Maganinsa ka matse babur da gwiwoyi da idon sawu, hannu ya zama na juyawa kawai, ka miƙe tsaye a kan matakai a duk inda yake da gargada, kana taka su da tudun tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka hau giya ɗaya sama don babur ya daina fizga. Idan ya riga ya kama ka toh ka rage gudu zagaye ɗaya kana buɗe yatsu, ya fi ka dage ka je ka bugi turke.

A kwana ka gama birki tun kana miƙe a tsaye, sannan ka zauna gaba kan kujera, ƙafar ciki ka miƙa ta gaba wajen taya ba gefe ba, ta waje ka danna mataki da ita, ka kalli mafita. Inda ka kalla nan babur zai je, ka kalli rami ka faɗa rami. Idan kwanar ta yi kwari saboda tayoyi sun haƙa, ka zaɓi ɗaya tun daga nesa ka shige shi da taya biyu ka zauna a ciki har ƙarshe. Filin da ka taka da safe ba shi zaka tarar da rana ba, gaban kowace kwana zai cika da gargadar birki.

A tudu ka riƙe totur daidai har ka bar ƙasa. Wanda ya tsorata ya saki totur a kan fuskar tudu kan babur ɗinsa zai nutsa ƙasa, kuma wannan itace faɗuwar da take karya ƙashin wuya da kafaɗa. Idan zaka yi birgima ka rage gudun tun kafin ka iso, kuma ka tsaya a ɓangaren da kake, kada ka ratsa daga dama zuwa hagu a kan tudu, akwai mai zuwa a sama bayanka wanda bashi da birki a iska.

Wannan ya kawo ni kan dokar da tafi kowacce, ka riƙe layinka. Idan kaji ƙarar inji a bayanka ko aka nuna maka shuɗiyar tuta, kada ka waiwaya kada ka yi saurin kaucewa don ka bashi hanya, shi ya riga ya zaɓi inda zai bi tun daga nesa, kaucewarka ce zata haɗa ku. Ka tafi yanda kake tafiya zai wuce abinsa.

Zaka iya faɗuwa, kusan kowa yana faɗuwa a ranar farko. Idan ka faɗi ka fara duba masu zuwa, musamman idan bayan tudu ne inda ba a ganinka, ka fice gefe tukuna, babur ya jira. Sannan ka ɗaga shi da ƙarfin ƙafa ba baya ba, kilo ɗari da 'yan kai ne, ka ja numfashi uku kafin ka tada shi. Amma idan kanka ya bugu, kaji jiri ko ganinka ya rabu biyu ko ka kasa tuna yanda aka yi, ranar ta ƙare, ka je wajen masu agaji su duba ka ko da wani ya ce maka ai ba komai tashi ka ci gaba. Bugu na biyu a kan kan da bai warke ba shine mai haɗarin gaske. Idan zaka fita daga fili ka ɗaga hannu ka bi gefe, kuma har abada kada ka juya ka bi hanya a baibai.

Mataki na tara: tsakanin zango da bayan an tashi

Yawanci sau biyu ake tsere a yini, wasu kulob ɗin nan sau uku, a haɗa sakamako. Kana dawowa ka cire hula da sulke ka sha ruwa kaɗan-kaɗan, ka ci ayaba ko dabino, kada ka cika ciki. Bayan ka huce ka koma kan babur, ka ƙara fetur, ka kankare lakar da ta toshe lagireto da ƙarƙashin madigadi domin nauyi ce kuma tana sa inji zafi, ka duba cen ka sa mai, ka duba wayoyin gargare da iskar taya, idan ƙura tayi yawa ka canza soson iska, ka shirya tabarau na biyu. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Idan akwai sauran lokaci kaje bakin igiya ka kalli ajin ƙwararru a kwanar da take baka wahala, ka ga daga ina suke shiga, ina suke zama, ina suke murɗawa, kwana ɗaya tak ka ɗauka ka gyara a zango na biyu.

Ka san ajin da yake gabanku a jadawali, da sun tashi kai ka fara sa kaya, ba a jiran kowa.

Bayan an gama ka je ka gode wa masu riƙe tuta, yawancinsu 'yan sa kai ne da suka wuni a tsaye cikin sanyi, wasu kulob ɗin ma kai ma za a sa ka riƙe tuta wata ranar. Ka nemi takardar lokutan zagayenka ka ɗauki hotonta, abinda zaka duba ba matsayinka bane, ka duba tazarar da ke tsakanin zagayenka mafi sauri da na ƙarshe, idan ta kai daƙiƙa 15 ko 20 toh ƙarfin jiki zaka yi wa aiki kafin tsere na gaba, idan kuma lokutan sun yi kusa da juna sai ka koma kan kwana. Babur kuma ka wanke shi a daren ko washegari da safe kafin laka ta bushe, ka toshe bakin salansa, ka cire soson iska ka rufe wurin kafin ka watsa ruwa, ka shanya but a inuwa ba kusa da wuta ba.